Makullin da Aka Goge

Tun kafin ya shigo gidan Tela ta san yayansu ne, don duk layin babu mai kulle mota irin kullewarsa. Kowa ya latsa rimot sau ɗaya ya wuce abinsa. Shi kuwa sai ya latsa a jikin motar, ya yi taku kaɗan ya sake latsawa, ya zo bakin ƙofar gida ya kuma latsawa ko waiwaye babu, don wanda bai ji na farko ba ya ji na ƙarshe ya san babban mutum ya iso. Manaja ake ce masa. Ya taɓa riƙe wani shagon sayar da taya na ɗan lokaci. Shagon ya rufe tuntuni, sunan ne ya ƙi rufewa.

Ta ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ta leƙa ta taga. Ga shi nan ya shigo, tumbi a gaba, riga ta sha sitaci, ya rataya wata baƙar jaka a kafaɗa. A bayansa ga Auta, ƙaninsu, mutum mai gemu da 'ya'ya, amma har yau in Manaja ya ce rana ta faɗi da hantsi zai ce ai shi ma ya ga duhu. Tela ta taɓe baki. Mutanen da sai a yi wata da watanni ba su tako gidan nan ba, yau ga su su biyu da tsakar rana, daidai lokacin da tsohon yake barci. Ruwa ba ya tsami banza.

Ita ce ke zaune da mahaifinsu. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida da kekenta, ta kama ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gida, tana ɗinkinta tana kula da Baba. 'Yan'uwanta Tela suke ce mata, kamar ba a yanka mata rago ba. Baba ne kaɗai ke ce mata Uwata.

A tsakar gidan, ƙarƙashin rumfar kwano, motar Baba take. Shekara da shekaru ya yi yana tuƙa motocin wasu, manya da ƙanana, sai da ya ajiye aiki sannan ya sayi tasa ta kansa. Bai daɗe yana morarta ba idanunsa suka soma dishi-dishi. Ranar da ya gogi ginshiƙin ƙofar gida da gefenta, ya fito ya shafa wurin da tafin hannu, ya jima a tsaye, sannan ya mayar da ita rumfa. Babu wanda ya ce masa ya daina tuƙi. Shi ya hana kansa, kuma tun daga ranar tayarta ba ta sake taka titi ba.

Amma bai rabu da ita ba. Kullum da safe in ya sha shayi sai ya fito ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa, ya zaro makullin daga aljihun dama, ya latsa. Motar ta yi ƙyit-ƙyit da muryarta da ta ɗan dishe. Sai ya ce, "Yauwa, kin tashi lafiya?" ya bi sautin har ya dafa ƙofarta, don yanzu idon ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Ya shiga ya tayar da inji, ya karkata kai yana sauraro, ya kunna rediyo ya ji labarai, ya goge gabanta da wani ɗan tsumma, ya kashe ya fito. Ranar da ya yi wannan, ya ci abinci da kyau ya yi ta zolaya har yamma. Ya sha cewa, rabi wasa rabi gaske, duk zuriyarsa motar nan ce kaɗai ke amsa masa kira ɗaya.

"Ni fa, Baba?" Tela takan ce.

"Ke ai sai kin kai ƙarshen layin ɗinki, Uwata."

Na mazan kuwa ba ya ma faɗa. Wayarsu in ta shiga sai ta gaji ta katse don kanta.

Manaja ya tsaya a bakin tagarta ba ko sallamar kirki. "Tela, ina tsohon?"

"Yana barci, Yaya. Kamar ba ku san lokacinsa ba."

"To madalla, kar a tashe shi." Ya sauke murya, ya zaro wani sabon makulli mai rimot a kai, yana ta sheƙi. "Kin ga wannan? Na motar Baba ne na sa aka yanka, ranar nan da na ari nasa zan duba iskar taya. Makulli ɗaya tal gare shi. In ya faɗa wani wuri fa, da idon nan nasa? Saura kawai a gabatar da shi ga kwamfutar motar ta san shi. Na aro na'urar a wurin wani abokina. Ɗauko mana na Baba, sai da shi za a kunna."

"Haka ne," in ji Auta.

"Ku jira ya tashi mana ku tambaye shi."

"Don ɗan wannan aikin? Kin san halinsa, sai ya ce mun raina masa wayo, muna cewa zai yar da abu. Kafin ya juya mun gama."

Maganar ba ta kwanta mata ba, amma ba ta ga inda ta karkace ba. Ita ma ta sha tunanin ranar da makullin zai ɓata. Ta shiga ɗakin Baba a hankali. Yana kwance a kan gefen hagu da rigarsa a jiki, bakinsa a ɗan buɗe, aljihun dama a sama. Ta zura yatsu biyu ta zaro makullin. Tsoho ne, maɓallansa sun goge sun yi santsi saboda yatsan Baba, an ɗaura masa wata 'yar igiyar fata. Da ɗuminsa ta fito da shi.

Nan fa aka shiga neman soket. Ashe kowace mota irin wannan tana da wani ɗan baki a ɓoye inda ake jona na'urar gwaji, kuma abokin Manaja ya ce masa a ƙasan sitiyari yake, shi ke nan bayanin da ya samo. Manaja ya tura kujerar baya, ya tattare riga, ya durƙusa ya cusa kai. Tumbin ya ce bai san zancen ba. Ya fito ya juya, ya kwanta rigingine a wurin taka birki, ƙafafunsa a waje suna harbin iska, takalmi ɗaya ya fice.

"Haska min nan. Ba nan ba, kai! Nan."

Auta ya haska masa fitilar waya a cikin ido.

Ya laluba ya kama wani abu ya ja, bonet ya yi ɓam ya ɗaga. Ya laluba ya ɓalle wani murfi, ashe gidan fiyus ne, ya zuba masa ƙura a baki. Ya yi ta tofe-tofe yana zagin waɗanda suka ƙera motar, su da iyayensu. Auta yana tsaye yana kallon wani bidiyo a waya inda wani yake nuna wurin a wata mota da ba irin wannan ba, yana cewa, "Shi dai a nasa ta dama yake, Yaya. Ko a duba ta wajen kujerar fasinja?" Suka zagaya can. Suka zazzage aljihun gaban mota, suka watsar da takardun Baba a kan kujera. Suka ɗaga tabarmar ƙasa. Har ƙarƙashin kujera Manaja ya leƙa, ya fito da tsohon murfin biro.

Tela tana jingine da ginshiƙin rumfa, hannu a harɗe, tana kallon ikon Allah. Waɗannan su ne mazan gidan, ta ce a ranta. Waɗannan ne in an zauna maganar iyali sukan ce mata ta yi shiru maza na magana. Ɗaya ya yi baje-baje a ƙasa kamar buhun da ya faɗo daga kura, ɗaya ya riƙe fitila yana haska silin. Raini ya cika mata ciki har ya taso mata wuya, kuma rainin nan ne ya ja mata. Da ta ja bakinta ta yi shiru, da sun gaji sun kwashe tarkacensu sun tafi, don Manaja ya riga ya soma cewa wataƙila wannan ƙirar ba ta da soket ɗin sam. Amma ina, ba ta iya haƙurin ganin wauta ba ta nuna wa mai ita.

"Matsa, Yaya," ta ce.

Ita ce ke share cikin motar, ta san kowane lungu nata. A ƙasan sitiyari ta hagu, sama kaɗan da inda gwiwar direba take kaiwa, akwai wani ɗan murfi da Baba ke soke tsummansa a gefensa. Ta janye tsumman, ta sa farce ta ɓalle murfin. Ga abin nan a fili, baƙi, sama da faɗi ƙasa a tsuke, da 'yan ramuka jeri biyu.

"Ko ba shi kuke nema ba tun ɗazu?"

"Ai nan na fara dubawa," in ji Manaja. "Tsumman ne ya tare."

"Tsumman ne," in ji Auta.

Ta yi tsaki ta koma jikin ginshiƙi, tana jin daɗin kanta.

Manaja ya zauna a kujerar Baba, ya jona igiyar na'urar, ya zura tsohon makullin ya murɗa har fitilun gaba suka kama, bai tayar da inji ba. Na'urar ta yi haske. Shi ba ya ganin ƙananan rubutu sai da tabarau, kuma ba ya sa tabarau a gaban mutane, don haka Auta ne ya sunkuya yana karanta masa ƙasa-ƙasa.

"Hanya biyu ce, Yaya. Ta farko..."

"Ta biyun," Manaja ya katse shi. "Latsa ta biyun."

Aka ɗan jira. Makullan ƙofofin suka yi kwas-kwas su kaɗai. Manaja ya zare makullin Baba ya jefa a kan kujerar gefe, ya zura sabon, ya murɗa, ya danne maɓallin da aka ce ya danne. Ƙofofin suka sake kwas-kwas.

"Ta karɓa," in ji Auta. "Yanzu tana tambaya ko akwai wani makullin da za a ƙara."

"Ce mata babu."

"Ga na Baba nan," in ji Tela.

"Nasa ai yana ciki tuntuni. Latsa, kai!"

Auta ya latsa, bai kalle ta ba.

Manaja ya zare igiya, ya ɗauko makullin Baba daga kan kujera, ya fito yana karkaɗe riga, ya rufe ƙofa. Ya ɗaga sabon makullin ya latsa, motar ta yi ƙyit-ƙyit. Sannan ya ɗaga na Baba ya latsa. Shiru. Ya matsa kusa ya sake latsawa. Shiru. Tela ta zaci zai ɓata rai ya ce an yi kuskure. Sai ta ga ya yi murmushi, irin na wanda ya ci ciniki.

Ta bar jikin ginshiƙin. "Me ka yi?"

"Abin da ya kamata a yi tuntuni." Ya miƙa mata tsohon makullin. "Hanya ta biyun takan goge duk makullan da motar ta sani, sai wanda aka gabatar mata a lokacin. Wannan yanzu ƙofa kawai zai buɗe in an zura, inji ba zai tashi da shi ba. Mayar masa aljihu. Gobe in ya latsa ya ji shiru, ki ce batir ne ko wani abu. Ni zan zo da safe in ce kwamfutarta ce ta lalace, zan sa a kai ta gareji. Kwana biyu ya manta da ita."

"Ya manta? Baba ya manta da motarsa?"

"Ke ba ki da hankali ne? Makaho da mota! Maƙwabta sun gaya min kullum suna jin yana tayar da ita. So kike wata rana ya fita ya take ɗan mutane?"

"Dubi bayanta, Yaya. Dubi ciyawar da ta fito a gindin taya. Dubi igiyar shanyata da na ɗaura daga rumfa zuwa ƙofa, ta ina zai bi? Rabonsa da fita da ita tun kafin a haifi 'yarka ta ƙarshe. Da kuna zuwa da kun sani."

"Wa ya san gobe?"

"Wa ya sani," in ji Auta, yana naɗe igiyar na'urar.

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Sai ta tuna a zuwansu na baya matar Manaja ta zagaya motar nan tana shafa kujeru, tana cewa ta gama koyon tuƙi, mota ce kawai babu. Ashe fakewa aka yi da guzuma don a harbi karsana.

"Matarka ce ke so, ko? To me ya hana ka shiga ka durƙusa ka ce, Baba, ka ba ni motar nan? Ba ɗansa ba ne kai? Ko ya ba ka ko ya hana ka, ai ka yi magana irin ta maza. Gemu har ƙirji, amma ba za ka iya kallon makaho a ido ba, sai ka aiko mace ta yi maka sata a aljihunsa yana barci."

"Ki iya bakinki, Tela."

"Jona abin nan ka mayar masa da makullinsa."

"Mai na'urar yana jira, an ce in mayar kafin la'asar." Ya zura sabon makullin a zoben makullansa, kusa da na motarsa, don kamfani ɗaya ne ya yi su, kamarsu ɗaya. Ya karkaɗa su ya ji ƙararsu. "In kuma kin ga dama ki gaya masa. Sai ki fara da wanda ya zaro shi daga aljihu, da wanda ya nuna mana soket."

Ya san inda ya soka. Suka fice, ta ji ƙyit-ƙyit ɗin motarsa a waje, ta ji tashinsu.

Ta buɗe motar da tsohon makullin, ta tattara takardun da suka watsar ta mayar, ta rufe bonet, ta soke tsumman a inda yake. Da ta koma ɗakin Baba ta tarar ya juya, ya kwanta a kan dama. Aljihun hagu ne a sama. Ta tsaya tana kallonsa, ta rasa yadda za ta yi, ta zura makullin a nan ta fito da sauri.

Har rana ta faɗi tana kiran wayar Manaja, tana shiga tana katsewa. Ta kira Auta, ya ce shi wallahi ba ruwansa, abin da Yaya ya ce shi ya latsa. Sau da yawa ta buɗe baki za ta gaya wa Baba, sai ta ga yana cin abinci yana ba ta labarin wata tsohuwar tafiya da taya ta fashe masa a kan gada, sai ta haɗiye. Ta ce wa kanta tausayinsa take ji. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba, kuma ta sani.

Gari ya waye. Baba ya sha shayi, ya fito ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa. Tela tana kan keke, ba ta ɗinka komai. Ya zaro makullin ya latsa.

Tsakar gidan ya yi tsit, sai kukan tsuntsaye a kan katanga.

Ya sake latsawa. Ya miƙa hannu gaba ya latsa. Sannan ya yi dabarar tsofaffin direbobi, ya kafa makullin a ƙarƙashin haɓarsa ya latsa, wai a haka ya fi kai wa nesa. Ya tsaya a hakan, tsoho da makulli a haɓa, kunne a karkace yana jiran amsa. Tela ta kau da kai.

"Uwata."

Karon nan kira ɗaya ta amsa. "Na'am, Baba."

"Yau mutuniyar ta yi fushi. Ko batir ne? Akwai saura a gwangwanin maɓallanki?"

Akwai. Ita ce ke canza masa duk sanda ya yi sanyi. Ta ɗauko, ta sa bakin almakashi ta raba makullin biyu, ta cire tsohon batirin da babu abin da ya same shi, ta sa sabo, ta haɗa ta danna. Tana yi tana jin kamar ta kurma ihu. Ta sa masa a hannu.

Ya latsa. Shiru.

"Zo in kama hannunka in kai ka, Baba. Sai ka buɗe da hannu."

"A'a. Bari dai ta amsa." Ya juya makullin a tafinsa yana shafa maɓallan. "Ba ta taɓa yi min haka ba. Sake dubawa, ko kin sa shi a kife."

Ta karɓa ta sake raba shi. Tana riƙe da ɓari ɗaya a kowane hannu, batirin a tsakanin yatsunta, sai ta ji tsayuwar mota a waje. Ƙyit-ƙyit, siririyar muryar motar Manaja. Taku kaɗan, ƙyit-ƙyit kuma. Ƙofar gida ta buɗe, ga shi nan ya shigo, ya riga ya shirya fuskar damuwa tun daga gida, zoben makullai a hannu. Hali zanen dutse. Yana sa ƙafa a ciki ya yi latsawarsa ta ƙarshe, ko kallon hannunsa bai yi ba.

Daga ƙarƙashin rumfa motar Baba ta amsa da disasshiyar muryarta, ƙyit-ƙyit, fitilunta suka yi walƙiya a jikin bango.

Fuskar Baba ta washe. "Yauwa, kin ta..." Sai ya tsaya. Ya miƙa hannu ya lalubi hannun Tela, ya taɓa ɓarin makullin a dama, ya taɓa ɗayan a hagu, ya taɓa batirin da ke tsakanin yatsunta. Ya janye hannunsa a hankali.

"Wa ta amsa wa?"

Manaja ya dubi zoben da ke hannunsa kamar wani ne ya sa masa shi.

"Na ji shigowarka, babban ɗa," in ji Baba. "Kai ta amsa wa?"

"Baba, wato, dama na gyara ne... safeya ce, makulli na biyu, na sa aka yi, saboda ko naka zai ɓata. To wajen haɗawa ne kwamfutar ta, wato na'urar ce ta..."

"Ta goge nawa."

"Kuskure ne, Baba. Na'urorin nan na yanzu."

"Na kai motocin mutane an yi musu wannan aikin," in ji Baba, muryarsa ba ta tashi ba. "Takan tambaya kafin ta goge, ta kuma tambaya ko akwai saura. Mai makulli ne ke ba ta amsa." Ya juya fuskarsa wajen Manaja. "Ka ci abinci?"

"Na... na ci."

"Madalla. Iyali lafiya? Mai koyon tuƙi ta ƙware?"

Tela ta zuba wa Manaja ido, ta ga gumi yana bin wuyan rigar sitaci, ta ji wani daɗi mai ɗaci. Allah ya ƙara, ta ce a ranta. Ka ji kunya har ta kashe ka. Tana shirin buɗe baki ta ƙarasa shi, sai Baba ya juyo da fuskarsa wajenta.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Jiya da na farka, a aljihun hagu na same shi. Ni tun ina yaron mota a dama nake sa makulli." Bai faɗa da faɗa ba, kamar mai ba da labarin yanayin gari. "Na ce ko wanki za ki yi kika fasa. Ɗazu da kike sa batirin nan, kin san ba zai yi ba?"

Duk maganganun da ta tanada wa Manaja suka tsere. Tana iya cewa yaudararta aka yi, kuma gaskiya ne. Tana iya cewa ta yi faɗa, ta kira waya har yamma, duk gaskiya ne. Amma ba abin da ya tambaya ke nan ba.

"Na sani, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To ajiye batirinki, sabo ne, kar ya lalace a banza."

Ya juya ya dafa bango. Ta kai hannu za ta riƙe shi, ya ɗan kauce, ba da ƙarfi ba, ya bi bangon da tafinsa har ya sami ƙofa. Ya shiga ya saki labule. Kofin shayinsa na nan a kan dakali da ɗan saura a ciki.

Tela ta tsaya da ɓarin makulli a kowane hannu, igiyar fatar tana lilo. Manaja ya share wuya da hankici, ya leƙa wajen labulen, ya matso kusa da ita ya sauke murya.

"To yanzu ya kike gani? In tafi da ita yau, ko in bari sai ya huce?"

Ta ɗaga kai ta dube shi, ta nemi rainin nan da ta saba samu a shirye duk sanda ta ga fuskarsa. Yana nan, bai ragu ba, sai dai yanzu ya ishe su su biyu, shi da ita. Ta wuce ta soma kwance igiyar shanyarta daga jikin rumfa, wadda ta tare wa motar hanya.